Wasiƙa Daga Leeds: Ashe Asalin Tela Mai Yanka Ne



'Yan uwa da abokan arziki, bayan dubun gaisuwa da fatan alheri, ina fata kowa yana lafiya kamar yadda nake a nan, in ban da sanyi da ya sako mu gaba. Rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba kusan a zama ɗaya muke yin su. Na san na yi shiru kwana biyu. Babi na huɗu na kundin digirina ne ya riƙe mini wuya, sau biyu malamina yana dawo mini da shi duk jan biro. A taya ni da addu'a.

Abubuwa biyu ne suka haɗu a mako guda suka sa na ajiye babin na ɗauki wannan rubutu. Na farko wayar da muka yi da Yaya Babba ranar Juma'a, inda ya shaida mini cewa Auta ya ce shi fa ba zai sake rubuta jarrabawar shiga jami'a karo na uku ba, so yake ya zauna a shagon Baba ya koyi ɗinki sosai, tunda idon Baba ya fara rauni, zura zare a allura ma sai an taya shi. Yaya ya ce gida ya rabu biyu, kuma ana jiran a ji ta bakina, wai ni ne mai dogon karatu.

Na biyu kuwa wando ne. Na sayi kwat da wando a shagon gwanjo saboda wani taro da zan gabatar da takarda, sai wandon ya yi mini tsawo. Na kai shi wani ɗan shago a unguwarmu ta Harehills, wurin wani dattijo ɗan asalin Pakistan, ya karɓi fam 12 don rage ƙafa kawai, aikin da Baba zai yi wa maƙwabci kyauta suna hira. Ina jira na ce masa ai ni ma ɗan tela ne. Sai ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, mahaifinka yana yanka ne ko ɗinki kawai yake yi? Na ce duka biyun. Dattijon nan ya miƙe tsaye ya sake ba ni hannu, ya ce to mahaifinka ustad ne, wato malamin sana'a a harshensu.

Tambayar nan ta bi ni har ɗaki. Washegari a laburare, maimakon in nufi ɓangarenmu, sai na tsaya wurin babban ƙamus na Oxford mai juzu'i 20, na nemo kalmar da ke rubuce a gilashin shagon dattijon, wato "tailor", uwar kalmarmu ta tela. Daga nan fa allura ta tono garma.

Jama'a, ashe kalmar nan babu ɗinki a cikin asalinta ko kaɗan. Ma'anarta mai yanka. Rumawa suna da wata kalma a Latinanci, "talea", wato reshen da aka datso daga jikin bishiya don a dasa, kamar yadda muke datsa itacen rogo ko karan rake mu binne. Daga ita aka samu "taliare", a yanka ko a datsa. Ta gangaro cikin Faransanci ta zama "tailler", mai yin aikin kuma "tailleur". Har yau Bafaranshe yana kiran mai sassaƙa dutse da mai gyara lu'ulu'u da wannan suna, sai dai ya ƙara faɗin abin da suke yankawa.

Yadda ta ƙetaro Ingila kuwa, yaƙi ne ya kawo ta. A 1066 Wilyam na Normandi ya haye teku daga arewacin Faransa ya ci Ingila a fagen Hastings, ya raba ƙasar ga mutanensa. Kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da kotu da manyan gidaje, sai a 1362 aka yi dokar a riƙa shari'a da Ingilishi. A wannan tsakanin sunayen sana'o'i da dama suka sauya. Sunan mahauci da wanzami da magini da masassaƙi a Ingilishin yau, wato "butcher" da "barber" da "mason" da "carpenter", duk daga Faransanci suke, alhali maƙeri da masaƙi da makiyayin tumaki sun riƙe tsofaffin sunayensu. Ingilishin dā yana da nasa sunan na mai ɗinka tufa, "seamere", daga kalmar da ke nufin layin ɗinki, daidai da maɗinki a wurinmu. Wajen shekara ta 1300 baƙuwar kalma ta shigo ta ture shi gefe. Abin da ya rage daga zuriyarsa yau shi ne "seamstress", mace mai ɗinki. Ita kuwa baƙuwar ta yi ƙarfi har ta zama sunan dangi: Taylor yana cikin sunayen iyali biyar da suka fi yawa a Ingila. A sashenmu kaɗai akwai mutum uku masu wannan suna, kuma na tabbata babu wanda ya iya sa maɓalli a cikinsu.

To me ya sa aka raɗa wa mutum suna da almakashi aka bar allura, alhali awa ɗaya zai yi yana yanka, ya kwana uku yana ɗinki? Amsar tana jikin yadin. Ulun da Turawan wancan zamani ke saƙawa mai faɗi ne ƙwarai, mafi kyawunsa ya kusa yadi biyu, mutum biyu ke zama gaban abin saƙa ɗaya suna miƙa wa juna ƙoshiya. Tsadarsa kuwa ta kai a ce mutum yana rubuta rigarsa cikin wasiyya kamar yadda zai rubuta gona. Ɗinki in ya karkace a farke a sake. Yanka in ya karkace shi ke nan, dukiyar mutane ta tafi. Wajen 1268 wani jami'in sarkin Faransa mai suna Étienne Boileau ya tattara dokokin sana'o'in birnin Faris kusan 100 a littafi guda, kuma cikin dokokin teloli akwai cewa duk wanda ya ɓata yadin mutum da mugun yanka, shi zai biya mai kaya asararsa.

Daga wajen 1330 abin ya ƙara tsanani. Kafin lokacin rigunan Turawa ba su yi nisa da namu ba, masu yalwa ne, a zura ta ka a ɗaure da ɗamara. Sai yayi ya juya, manya suka koma son riga mai kama jiki, mai jerin maɓallai a gaba, hannunta an yanka shi daban an dasa a kafaɗa. Yadi shimfiɗaɗɗe ne, jikin mutum kuwa duk tudu da kwari, saboda haka sai wanda ya san yadda zai lanƙwasa yanka a hammata da ƙugu da gadon baya. Littafin farko da aka buga kan wannan sana'a, wanda wani tela Juan de Alcega ya fitar a Madrid a 1580, da kalmar ilimin awon siffofi ya fara sunansa, kuma cikinsa zane-zane ne na yadda za a jera sassan riga a kan yadi don kada a yi asara. Tef ɗin awo mai lambobi sai a farkon ƙarni na 19 ya yaɗu. Kafin nan tela yakan ajiye wa kowane mai kawo ɗinki siririyar takarda, ya ɗan tsattsaga gefenta da almakashi a daidai faɗin ƙirji da tsawon hannu.

Ina karanta wannan sai na tuna Baba. Duk wanda ya zauna a shagonmu na Tudun Wada ya san cewa in ana taka keke, rediyo na yi, ana musun ƙwallo, ana shan rake. Amma ranar da aka kawo shadda mai tsada ko leshin amarya, Baba zai kashe rediyo, ya share tebur, ya shimfiɗa yadin ya daɗe yana dubansa, ya ja alli, ya goge, ya sake ja, sannan ya yi bisimilla ya sa almakashi. A wannan lokacin ko gaishe shi ka yi sai dai ya ɗaga maka kai. Yaya Babba zai tuna shekarar da wani yaron shago ya yi karambani ya yanka shaddar wani Alhaji ba da izini ba, hannu ɗaya ya gaza. Baba bai yi musu ba, ya ranto kuɗi ya sayi sabuwa, wata huɗu muna shan tuwo da miyar kuka ba nama. Bai taɓa jin sunan Boileau ba, amma dokar Faris ta 1268 ya bi.

Da na leƙa sauran harsuna sai na ga duniya ta kasu gida biyu a kan wannan. Jamusawa suna cewa "Schneider", shi ma mai yanka. Larabawa kuwa "khayyat", daga "khait", wato zare. Dattijona na Harehills "darzi" yake cewa, kalmar Farisanci daga layin ɗinki. Mutanen Italiya da Sifen sun gaji "sartor" na Rumawa, wanda asalinsa mai faci ne. Mu ma muna ɓangaren allura, maɗinki muka ce, kuma dalilinmu a bayyane yake. Masaƙinmu siririn ƙyalle yake fitarwa, faɗin tafin hannu, na turkuɗin Kura ma bai kai yatsu biyu ba. Babbar riga ba daga babban yadi ake fitar da ita ba, tara ta ake yi, a auna tsawo da kamu a datse, a jera ƙyalle kusa da ƙyalle a haɗe da allura, ba abin da ake zubarwa. Gwaninta da haɗari duk suna wurin ɗinki da aikin gaba, wanda kan ci watanni. Kakanmu, Allah ya jiƙansa, haka ya rayu a zauren gidanmu na cikin birnin Zariya, a kan tabarma, yana fitar da aska biyu da aska takwas a gaban rigunan masu sarauta. Kun ga ko askar da ke cikin sana'arsa da allura yake zana ta. Kowace al'umma ta duba inda wuyar aikin take, ta kira mai sana'ar da wannan wurin.

Bari in ɗan ratse, don kalmar nan tana da 'yan uwa masu ban dariya. "Retail", sayarwa ɗai-ɗai, asalinta yanko kaɗan daga babba, har na tuna da namu sari. "Detail" ita ma yanka abu ƙanana-ƙanana ce. Amma wadda ta fi ba ni mamaki ita ce "tally", ƙidayar bashi. Baitulmalin Ingila ya yi ɗaruruwan shekaru yana rubuta kuɗin da aka biya a jikin sanda: a sassara mata tsaga gwargwadon kuɗin, a tsaga ta biyu a tsaye, kowane ɓangare ya riƙe rabi, ranar lissafi a haɗa a ga ko tsagogin sun dace. Kamar dai layukan da Inna kan ja da gawayi a bangon madafa na bashin mai nono, sai dai wannan ba ya gogewa. Sai a 1826 suka daina. Sandunan suka taru har amalanke biyu, ranar 16 ga Oktoba 1834 aka ce a ƙone su a murhun da ke ɗumama zauren majalisar dattawa. Ma'aikata suka yi ta cusawa tun safe, bututun hayaƙi ya yi zafi ya kama, kafin gari ya waye mafi yawan ginin majalisar dokokin Ingila ya zama toka. Ginin da kuke gani a hoto yau mai dogon agogon nan, bayan wannan gobara aka gina shi. Wato ƙanwar kalmar tela ce ta ƙone majalisa.

Mu koma kan masu sana'ar. Telolin Landan sun haɗa ƙungiya tun da wuri, Sarki Edward na Uku ya ba su takardar izini a 1327. A lokacin sunansu teloli da masu sulken lilin, don su ke ɗinka rigar nan mai cushe da mayaƙi ke sawa ƙarƙashin sulken ƙarfe, kusan irin lifidinmu. Tun 1347 zaurensu yake a titin Threadneedle, sunan da zare da allura ke cikinsa, kuma a kan wannan titin Babban Bankin Ingila yake. Na bi ta wurin lokacin da na je sabunta fasfo. Suna da sandar awo ta azurfa da a dā suke zagayawa da ita kasuwar tufafi ta shekara-shekara a Smithfield, suna gwada sandunan 'yan kasuwa don kama masu tauye awo. Kalmar "yard" ma, wadda muka mayar yadi, sanda take nufi a tsohon Ingilishi. Sun yi ƙarfi har suka riƙa rigima da ƙungiyar masu fatu kan wa zai shiga gaba a jerin gwanon magajin gari, sai a 1484 magajin garin Robert Billesdon ya yanke cewa bana waɗannan su zama na shida waɗancan na bakwai, baɗi a juya. Har yau haka suke yi kowace shekara.

Amma ga inda labarin ya fara sosa mini rai. Waɗanda suka yi arziki a cikin ƙungiyar sun ajiye almakashi sun koma fataucin yadi, kuma sunan tela ya fara yi musu ƙaiƙayi. A 1503 suka samu Sarki Henry na Bakwai ya sauya musu suna zuwa Merchant Taylors, wato teloli fatake. Sannu a hankali ƙungiyar ta rabu da ɗinki, ta zama ta attajirai masu gina makarantu da ba da sadaka. Su kuwa masu zama a kan tebur da allura, aka bar su da raini. Turawa suna da karin maganar da ke cewa sai an tara tela tara ake samun namiji guda. Ana zarginsu da ɓoye ragowar yadin mutane, har ragowar ta samu laƙabi a bakinsu, wai kabeji. Mu ma ai ba mu bar teloli sun huta ba, kowa ya san barkwancin tela da alƙawarin sallah. Kabeji kuwa ni na sa shi: rigunan sallata har na gama firamare daga ƙyallayen shago Baba ke haɗa su, bayan ya nemi izinin masu kaya.

Wahalar aikin ma ta shiga littattafai. A 1721 majalisa ta yi doka musamman kan telolin Landan masu aikin ƙodago, waɗanda suka haɗa kai suna neman ƙarin lada. Dokar ta haramta musu haɗa kan, ta ƙayyade ladan, ta ce aiki daga shida na safe zuwa takwas na dare. Sai a 1824 aka soke dokokin hana ma'aikata haɗa kai, kuma wanda ya fi kowa ƙoƙari a kan haka tela ne, Francis Place, mai shago a Charing Cross. Abokin zamana mai karatun likita ya ƙara mini da cewa tsokar da ta fi kowace tsawo a jikin ɗan Adam, wadda ta taso daga ƙugu ta ratsa cinya zuwa cikin gwiwa, sunanta "sartorius", tsokar tela, saboda zaman harɗe ƙafa da suke wuni suna yi. Faransawa da Jamusawa har yau zaman tela suke kiran wannan zama. Na ce masa ai na san zaman, a haka na buɗe ido na ga Kaka.

Da shaguna suka girma, sai maigida ko babban yaronsa ya riƙe almakashi shi kaɗai, sauran su yi ta ɗinki, jama'a kuwa duka teloli suke ce musu. A haka kalmar ta zame daga kan mai yanka ta faɗa kan mai ɗinki. Keken ɗinki ya zo ya ƙarasa aikin. Wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya yi rajistar kekensa a 1830, ya kafa wurin ɗinka kakin soja da kekuna kusan 80 a Faris, a 1831 teloli 'yan uwansa suka afka wa wurin suka farfasa su don tsoron rasa abinci. Fasawar ba ta hana komai ba. Isaac Singer ya fito da nasa a Amurka a 1851, daga baya kamfaninsa ya gina ƙatuwar masana'anta a Clydebank ta Sikotilan, wadda ta yi aiki har 1980.

Garin nan da nake zaune shi ne ya fi cin moriyar abin. Wani mai suna John Barran ya fara ɗinka kaya tun kafin a samu mai saye, a 1858 kuma ya ga zarton inji na yanka katako, ya sa aka ƙera masa irinsa mai wuƙa, wanda ke yanka yadi ninki da yawa a lokaci ɗaya. Ginin da ya yi wa masu yankansa a 1878 yana nan a Park Square, da 'yan hasumiyoyi a kusurwoyinsa. Ranar da na fara ganinsa na ɗauka masallaci ne. Yahudawa masu gudun tsangwama daga daular Rasha suka cika unguwar Leylands da ƙananan shagunan ɗinki. Ɗaya daga cikin irin waɗannan baƙi, Montague Burton, ya iso Ingila daga Lituweniya a 1900 yana ɗan shekara 15, ya zo ya kafa masana'anta a Hudson Road, tafiyar ƙafa daga ɗakina, wadda a ganiyarta ta ɗauki ma'aikata kusan 10,000, yawancinsu mata. Masu yanka maza ne, kuma su suka fi kowa albashi. A 1970 matan nan suka fito yajin aiki, fiye da mutum 20,000, suna neman ƙarin sule guda a awa. Yau duk wannan ya wuce, ɗinkin ya koma ƙasashen da lada ke da araha, shagunan Burton ma an rufe su a 2021.

Inda sana'ar ta tsira da mutuncinta shi ne wurare irin titin Savile Row a Landan, inda ake auna mutum a yi masa kwat tasa shi kaɗai, aikin hannu na awa 50 ko fiye, a kan dubban fam. A can wanda ke auna ka, ya zana takardar jikinka, ya yanka yadin, shi ne babba, kuma "cutter" suke ce masa, mai yanka. Waɗanda ke ɗinkawa a ɗakin ƙasa su ne "tailor". Kun ji fa, kalmar da asalinta mai yanka ta koma kan mai ɗinki, har sai da suka nemo wata ta faɗi abin da ta farko ke faɗi.

Mu kuma ta iso mana bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, jirgin ƙasa ya kai Kano a 1911, kantuna suka cika da yadi mai faɗi na masaƙun Manchester, ga keke, ga buƙatar kakin soja da 'yan doka da 'yan makaranta, kaya masu bin jiki. Abin da ya faru da Ingilishi bayan 1066 shi ya faru da Hausa: sabon suna ya zauna kusa da tsoho. Ga masassaƙi ga kafinta, ga magini ga birkila, ga maɗinki ga tela. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa Faransancin ne kai tsaye a allunan shagunansu, uwa ɗaya uba ɗaya da namu. Abin da ya burge ni shi ne, a shagunanmu kalmar ta koma gidanta na asali. Yaron shago da guga yake farawa, sai maɓalli, sai kalmasa, sai a bar shi ya hau keke. Yanka shi ne na ƙarshe, kuma ba a cewa yaro ya ƙware sai an ce ya iya yanka. Abin da dattijon Harehills ke tambayata ke nan.

Yanzu ga maganar da na daɗe ina riƙe da ita. Wanda ke karanta wa Baba wannan wasiƙa kada ya tsallake nan. Baba, ranar da aka ba mu takardar cikewa a ajin farko na sakandare, wurin sana'ar mahaifi, ɗan kasuwa na rubuta. Na dubi na kusa da ni ya rubuta ma'aikacin banki, sai na ji kunyar rubuta tela. Na sake yin haka a jami'a. Kuɗin takardar da na yi ƙaryar a kanta ma daga ƙarƙashin keken nan ya fito, daga dararen azumi da kuke kwana a shago da fitilar ƙwai har idonku ya kai inda yake yau. Da na karanta labarin attajiran Landan na 1503 dariya na fara yi, sai dariyar ta tsaya, don abin da suka roƙi sarki ya yi musu ni da biro na yi shi. Ku gafarce ni.

Game da Auta, tunda an nemi ta bakina, ni ina ganin a bar shi. Ban ce sana'ar hutu ba ce. Tana cin ido da baya, ga matsalar wuta, ga gwanjo da kayan kanti masu araha, kuma na ga kangon masana'antun Leeds da idona. Amma abin da ya mutu a nan shi ne ɗinkin dubu iri ɗaya. Wanda ke auna mutum ya yanka masa daidai jikinsa har yanzu ana nemansa, ana biyansa. Mu kuwa Allah ya sa har yau mutanenmu yadi suke saya su kai ɗinki, ga sallah biyu, ga anko, ga suna. Sharaɗina biyu ne. Na ɗaya, ya zauna ya koya har yanka, tun Baba yana iya nuna masa da hannunsa, kada ya hau keke wata shida ya ce ya gama. Na biyu, ya shiga karatun yamma ko na ƙarshen mako, ya san lissafin kuɗi da na awo, kuɗin makarantar a wuyana. Ranar da Baba ya miƙa masa babban almakashin nan mai baƙin mariƙi ya ce yanka, ni kuma na yi alƙawarin keken surfani, kuma ba alƙawarin tela ba.

Yaya Babba, na san burinka a ce duk mun yi digiri, kuma don ƙaunarmu kake yi. Mu yi magana ranar Juma'a in Allah ya kai mu. A gaishe da Inna da Gwaggo da su Kawu da yara duka. Auta, ka auna mini tsawon wando daga wanda na bari a ɗaki ka ajiye, don in na dawo ba zan sake biyan fam 12 ba.

Wassalam.

Naku har kullum, ɗan tela, jikan maɗinki, daga Leeds.